Abin da Ke Bayan "Lafiya Lau"

Tun kafin yaro ya san mece ce gajiya, ya riga ya san cewa babu ita. Da an ce masa "ina gajiya?" sai ya ce "ba gajiya", ko da yanzun nan ya sauke tulu daga rijiya wuyansa na zogi. Haka aka rene mu. Kowace tambaya ta gaisuwa tana da amsar da aka yanka mata, kuma amsar ake fara cusa wa yaro, ma'anar ya tarar da ita a gaba. Ina kwana, lafiya lau. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Da damina a ce maka ina ruwa, ka ce ya yi gyara, ko da a daren jiya ya kayar maka da katanga. Da hunturu a ce ina sanyi, ka ce lokacinsa ne. Bayan biki a ce ina gajiya, ka ce ta bi lafiya. In za a rabu a ce sai an jima, ka ce mu jima da yawa. A ce ka gai da gida, ka ce za su ji. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna da wata da take burge ni: ina zaman duniya? Sai hanƙuri. A duk jerin, ita kaɗai ce ta yarda a fili cewa akwai abin da ake haɗiyewa.

Na sha jin samarin yanzu, har da wasu da furfura ta fara leƙo musu, suna cewa wannan duk ɓata lokaci ne, kuma akwai ƙarya a ciki. Don me za ka tambayi mutum abin da ka riga ka san amsarsa? Don me mai zazzaɓi zai ce lafiya lau? Ban yarda da su ba, ko da yake akwai inda suke da gaskiya. Abin da ya shige musu duhu shi ne, amsar gaisuwa tamkar mudun awo ce: don kowa ya san inda bakinsa yake, shi ya sa ake gane wanda aka tauye. Da yake an san abin da ya kamata mutum ya ce, to ɗan jinkirin da ya yi kafin ya ce shi, ko kalma guda da ya ƙara, ko wadda ya rage, nan labarin yake. Mutanen da ba amsar suke kasa wa kunne ba, tazarar da ke tsakaninta da wadda aka saba ji suke aunawa.

Dubi gaisuwar mara lafiya. "Da sauƙi" ita kaɗai ba ta gaya maka komai, domin wanda ake laƙƙana wa kalmar shahada ma da sauƙi ake cewa. Abin da ke biye da ita ake jira. In mai jinya ya ce "da sauƙi sosai, har ya sha kunu", kwantar da hankalinka. In ya ce "to, da sauƙi za a ce", ka matso da ranar dubiya kusa. In ya ce "jikin dai sai addu'a", kada ka bari rana ta faɗi ba ka je ba. In kuwa ya ɗan yi shiru sannan ya ce "alhamdu lillahi ala kulli halin", to ka fara tunanin wanda zai riƙe maka shago gobe. Babu makarantar da ake koyar da wannan. A gindin manya ake tsintarsa, ana zuba musu ruwan alwala ana sauraro.

A zauren gidanmu, a wani gari na ƙasar Katsina, na ga yadda ake aiki da shi. Baƙo zai iso daga ƙauye a kan keke, ƙura ta yi masa buɗu-buɗu. Ya jingine keken ya yi sallama, a aiki yaro ciki ya ce ana sallama da Malam. Malam ya fito, a shimfiɗa tabarma, a yi musabaha, kowa ya kai hannu ƙirji, a sake, a kuma sakewa. Wannan gaisuwa ta farko da gudu ake yin ta, murya ƙasa-ƙasa, tambaya na hawa kan amsa, ba mai kallon idon wani. Ba a neman komai a cikinta illa a tabbatar babu gaba a tsakani. Sai a kawo ruwa a kwanon sha, in da hali a biyo da fura. Sai baƙo ya sha ya yi hamdala ya share baki, sannan Malam zai gyara zama ya ce, "To, mu gaisa." Kamar ba su yi ba.

A wannan ta biyun ake bin mutane ɗai-ɗai. Ina wajen su Inna? Ina Baffa, ƙafar tasa ta saki? Yaya yara? Yaya gona, gero ya fid da kai? Baƙo yana ta jera lafiya lau, Malam kuwa yana jiran ya ji a kan sunan wa za ta yi nauyin fitowa. In an gama zagaye sai ya ce, "Lafiya dai ko, da ranar nan?" Baƙo ya ce, "Lafiya lau, Allah gafarta Malam, sai alheri. Dama jikin Inna ne ya ɗan motsa, shi ne aka ce in zo in shaida maka." Malam ba zai ce tun yaushe ba, ba zai ce me ya same ta ba. Zai ce Allah ya sawwaƙe, ya tashi ya shiga ciki, ya sa babbar riga, ya buɗe adaka ya ɗebi abin da zai isa sayen alawayyo. Ya san ba a tayar da mutum a kan keke da tsakar rana saboda ciwon kai. Sau da yawa an riga an yi rasuwar, baƙon ya sani, Malam ma ya gane, amma an bar masa tsawon hanya ya lallashi zuciyarsa, har ya hango mutane zazzaune a ƙofar gida. Wanda ya kira wannan ƙarya, ba a taɓa jefa masa mutuwar mahaifiya yana tsaye ba.

Haka nan "a'a". Tana nan a harshen, amma da wuya ka ji mai hankali ya jefa ta a fuskar wanda yake ganin girmansa. Shiga Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ka yi wa kaya tayin wulaƙanci. Mai kaya ba zai ce ba ya sayarwa ba, balle ya ce ka raina masa hankali. "Albarka" zai ce, ya kau da kai. Ka ƙara, ya sake cewa albarka, amma wannan karon yana dubanka, ka san ka matso. In ciniki ya faɗa ya ce na sallama, ka biya, ya ce Allah ya amfana, ka ce Allah ya ba da kasuwa. An ja an saki, ba wanda ya ji an ƙi shi. Wanda ya zo rance aka ce masa "kash, da jiya ka zo", ya san ko shekaranjiya ya zo ba samu zai yi ba, amma an bar masa mutuncinsa ya koma gida da shi. Masu neman aure in aka ce musu "mun ji, za mu yi shawara, ma neme ku", sai su lura da wa ya faɗa, kuma an ɗauki goron ko yana nan inda suka ajiye. Kana cin abinci wani ya iso, dole ka ce bismillah, shi kuma dole ya ce alhamdu lillahi, a ci lafiya. Sai ka nanata, ka tura kwanon gabansa, sannan ya san da gaske kake.

Kurum ma magana ce, kuma tana da wurarenta. Uwa in aka tambaye ta lafiyar ɗanta na fari a gaban mutane, sai ta kau da kai wata ta amsa mata, sunansa ma ba ta kamawa. Budurwa in aka ce tana son wane, ta sunkuyar da kai, an samu amsa. In ta fashe da kuka ita ma amsa ce, sai dai ba kullum ake son jin ta ba. A fada kuwa ka faɗi ka yi gaisuwa, sarki ba zai ce uffan ba, fadawa ne za su ɗauka da ƙarfi, "Sarki ya gaishe ka", ka tashi da murnarka an amsa.

Baƙin abubuwan da suka fara shigo mana ba su taɓa wannan tsari ba, tsawo ma suka ƙara masa. Ɗan ci-rani a Legas ko Kumasi in ya zauna gaban mai rubuta wasiƙa, rabin takardar gaisuwa ce: gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a gai da wane, a gai da wance, kada a manta da autan gida. Sai can ƙasa a ce "bayan haka", a faɗi abin da ya sa aka sayi kan sarki a layi biyu. Rediyo ma haka. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma cikin shirye-shiryen da suka fi farin jini a Kaduna har da Zaɓi Sonka, wanda ba komai ba ne illa mutum ya sayi kati ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai a gaishe su duniya na ji. Akwai waɗanda Arewa kaf ta san sunansu ba don sarauta ko dukiya ba, sai don yawan aika gaisuwa.

Wayar salula ce ta fara yanka wa gaisuwa kuɗi. A watan Agustan 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 5,500. Kiran minti guda naira 50 ne, kuma ko daƙiƙa ɗaya ka ɗora a kai, kuɗin minti biyu za ka biya. Sai da Glo ya zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Wanda ba shi da waya sai ya je wurin masu lema a bakin titi, tebur da benci da waya guda ɗaure da zare. A irin wannan wuri na ga wani dattijo ya ciro takardar da aka rubuta masa lambar ɗansa daga aljihun 'yar shara, mai lema ya danna ya miƙa masa. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya yi sallama cikakkiya, ya shiga ina wuni, ina gajiya, ina iyali, yaya baƙunta. Mai lema yana kallon agogo, ya ɗaga masa yatsa ɗaya, can ya ɗaga biyu. Daga cikin wayar kana jiyo ɗan yana cewa, "Baba, lafiya lau, faɗi maganar, kuɗi na tafiya." Dattijo ya cire wayar daga kunne ya dube ta, ya mayar, ya ce, "To. Dama innarku ce ba ta jin daɗi." Maganar da a zaure sai an sha ruwa an sake gaisawa kafin a iso gare ta, ga shi an fizgo ta a bakin titi 'yan acaɓa na wucewa. Yaron ba rashin kunya ya yi ba, aljihun uban yake tausayi.

Daga nan "kuɗina zai ƙare" da "sabis ba kyau" suka zama izinin yanke gaisuwa, wanda da babu shi. Yau kira ya yi araha, amma izinin bai koma inda ya fito ba. Wata tambaya kuma ta sha gaban ina kwana: "Kana ina?" Da can ba a yi wa babba wannan tambaya, ko a hanya ka gamu da shi, a dawo lafiya za ka ce, ba ina za ka ba. Ita wannan sabuwar ba ta da amsar da aka yanka mata, tsagwaron gaskiya take nema, shi ya sa ta haifi ƙarya ta ainihi. "Ga ni nan a hanya", in ji wanda bai shiga wanka ba. "Na kusa", in ji wanda ke Zariya ana jiransa a Kano. Mai zazzaɓin da ya ce lafiya lau bai yaudari kowa ba, don mai tambayar yana ganin idonsa.

Rubutaccen saƙo ya ƙarasa abin da kira ya fara. Slm. Ykk. Lfy. Ngd. Ba gajartawar ce ta dame ni ba, muryar da ta ɓace ce. Akwai "to" gajera ta yarda, akwai doguwa ta mamaki, akwai "to, shi ke nan" da mace ke faɗa miji ya san ba shi ke nan ba ne, akwai "to, ai ka girma" da uba ke faɗa wa ɗa, wadda ba yabo ba ce. A fuskar waya duk harafi biyu ne. Ma'aurata nawa ne suka kwana ba sa magana a kan "to" guda da aka karanta da muryar da ba da ita aka rubuta ta ba?

Ta wani gefen kuma ba na'ura ce ta sauya mana baki ba, wa'azi ne. Muna yara, mace in za ta shiga gidan maƙwabta "gafaranku dai" take cewa, a ce mata maraba. Sallama an fi jin ta a bakin maza a ƙofar gida. Daga ƙarshen shekarun 1970, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yaɗuwar makarantun Islamiyya na matan aure, sallama ta shiga kowane ɗaki, har ta kai yau in yarinya ta ce gafara sai a yi mata dariya. A zamanin ne aka yi ta kai ruwa rana a kan durƙusawa da cire takalmi don gai da babba: wasu malamai suka ce rusunawa ta Allah ce shi kaɗai, wasu suka ce ladabi ne ba bauta ba. Gidaje da yawa sun ga ranar da ɗa ya dawo daga wa'azi ya miƙa wa mahaifinsa hannu a tsaye. Ƙurar ta lafa, kowane gida ya tsaya inda ya tsaya, galibi a ɗan rusunawar da ba ta kai ƙasa ba. Abin da ya zauna daram shi ne Larabci: jazakallahu khairan, a ce wa iyyaka, ma sha Allah, ranar idi taƙabbalallahu minna wa minkum a gefen barka da salla. Addu'o'i ne masu kyau, babu mai ja da su. Ƙorafina ɗaya ne. Godiyar Hausa tana duban wanda ake yi wa ita. Wanda ya ba ka kuɗi, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan'uwan da ya tako daga nesa, Allah ya bar zumunci. Mai sarauta, Allah ya ƙara girma. Yaron da ya ɗaukar wa tsohuwa kaya, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Washegari kuma a aiko a ce an ga abin arziki jiya, an gode, kai kuma ka ce haba, ai yi wa kai ne. Wanda ya haddace jimla ɗaya yana biyan kowa da ita ya huta da wahalar duban wa ke gabansa. Godiyar washegarin ma yanzu ta koma "na ga alat".

Sai talauci da tsoro, waɗanda suka shiga cikin amsoshin kansu. A kunnena, tun tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari da shirin SAP na Babangida a 1986 "ana maleji" ta fara ture "da godiya". Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, ce wa mutum ya gari ka sha labari: gari ya yi zafi, ana fama, sai a hankali, muna dai numfashi. Samari sun gaji da duka, sun koma "ya ne?" a ce "nomal", wadda ba ta nufin daɗi ba ta nufin wuya. Wani zai ce ai gara haka, an daina ɓoye-ɓoye. To amma in kowa kuka yake tun a amsar farko, ta yaya za ka gane wanda bai ɗora tukunya ba tun jiya? Da, magidanci in ya ce "aiki… to, da godiya dai", bayan magariba sai ya ga yaron maƙwabci da tiya biyu ta dawa, ba wanda ya ce da wani komai. Yau "ana fama" ta mai mota da ta mai tura baro duk ɗaya ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda doguwar gaisuwa ta zama abin zargi. Kira wani ɗan'uwanka mai hali, ka tsaya bin iyalinsa ɗai-ɗai kamar yadda aka koya maka, za ka ji amsarsa tana gajarcewa, yana jiran inda za ka ce "dama". Dole ta sa muka ƙago jimlar da kakanninmu ba su buƙace ta ba: "Wallahi gaisuwa ce kawai." Sai ka ji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, amma na gode", sannan a fara hira. Ban ga laifinsa ba. Duk kiran da ya amsa kafin naka da lambar asusu ya ƙare.

"Yaya hanya?" ita kuma ta tashi daga gaisuwa ta koma tambaya. Wanda ya biyo ta Birnin Gwari, ko Funtuwa zuwa Gusau, ko Abuja zuwa Kaduna a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabe ta, in aka ce masa yaya hanya ba lafiya lau ake son ji ba. Ana son a ji ƙarfe nawa ya wuce, akwai sojoji ko babu, an tare ko ba a tare ba. "Allah ya kiyaye hanya" da muke faɗa da rabin baki a tasha, yanzu har zuci ake faɗarta, a kuma ƙara da "in ka sauka ka kira".

Masu sukar suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Wani likita abokina ya ce mini babu abin da ke wahalar da shi kamar "da sauƙi". A kawo mutum ranga-ranga, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Sai ka yi ta tono kafin ya yarda cewa ya yi watanni yana fitsarin jini. Asibiti kuwa ba zaure ba ne, layi na jira a waje, babu lokacin kawo ruwa a sake gaisawa. Ya ce shi yanzu ya daina cewa yaya jiki, sai dai ya ce, "Baba, nuna mini wurin da yatsa." Mata kuwa su suka fi ɗanɗana kuɗarta. Yarinya ta zo ganin gida, a ce yaya mutanen gidan, ta ce lafiya lau tana gyara mayafi a kan kumburin da ke kuncinta, domin an gaya mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsarin nan yana aiki ne in akwai kunnen da ke son ji. In uwa ta ji nauyin lafiya lau ɗin ta yi kamar ba ta ji ba, gudun kada a ce 'yarta ta kaso aure, to ladabi ya zama abin toshe baki. "Yi haƙuri" ta kashe wuta da yawa, ta kuma binne wasu da ransu. 'Yan matan yanzu da ke iya buɗe baki su ce "Mama, ba lafiya ba", ba zan ce sun yi asara ba.

Inda ban ga riba ko ta anini ba shi ne sanar da mutuwa. Mutum yana zaune a ofis ko a aji, ya buɗe Facebook, sai ga hoton mahaifinsa da inna lillahi a ƙasa, wani ɗan unguwa mai gaggawa ya riga kowa, jama'a kuma na ta danna alamar babban yatsa. Ta'aziyya ta koma hoton da ake turawa daga waya zuwa waya, alhali an ce zumunta a ƙafa take. Amsar "yaya haƙuri?" ita ce haƙuri da godiya, ko sai godiya. Na ga saurayi mai digiri a zaman makokin mahaifinsa an yi masa wannan tambaya, ya yi jim ya ce "lafiya lau", dattawa suka dubi juna. Ba laifinsa ba ne. Daga makarantar kwana sai jami'a sai bautar ƙasa, yaushe ya zauna gindin wani ya ji yadda ake amsawa?

Saƙon murya, wanda WhatsApp ya kawo a 2013, ya yi wani abin da ban zata ba: ya mayar wa tsofaffi bakinsu, musamman matan da ba su yi boko ba. Ba sai an iya rubutu ba, ba kuma mai ƙirga maka minti. Gwaggona takan sa jika ya danna mata, ta yi sallama, ta ce ina kwana, ta dakata daidai tsawon lafiya lau, ta ce madalla. Ina gajiya, ta dakata, madalla. Ta bi maiɗakina da yara da sunayensu, banda babban, wanda sunan mahaifinta ya ci, shi "mai sunan Malam" take ce masa. Sai ta yi minti huɗu ko biyar kafin ta iso kan dama. Gaisuwa ta dawo da tsawonta ke nan, sai dai ita kaɗai take yi, ba ta da hanyar jin ko lafiya lau ɗina ta yi nauyi ko ba ta yi ba. A 2021 kamfanin ya ƙara wani ɗan maɓalli mai ninka saurin magana, ɗaya da rabi ko biyu. 'Ya'yana a kan biyu suke sauraren ta, su tsallake zuwa inda maganar take, su mayar mata da hoton hannuwa biyu a haɗe. Ita kuma sai ta sa a kira ni, ta ce, "Anya yaran nan lafiya suke? Na gaishe su na ji ba su ce komai ba."